Neman kalma: me za mu kira "mid-ocean ridge" da Hausa?

'Yar Rediyo: Salamu alaikum malamai. Gobe da ƙarfe 9 zan naɗi shirin kimiyya, kalma ɗaya ta tsaya min a wuya. Tsaunukan nan ne da suka ratsa tsakiyar tekuna, wajen kilomita 65,000, inda ɓawon duniya ke tsagewa, narkakken dutse ya ɓullo ya daskare. Na sa "jerin tsaunukan ƙarƙashin teku", amma sau 11 zan faɗe shi, numfashi ƙarewa yake yi.

Malamin Jogirafi: Wa alaikumus salam. Ban da tsawo, ya haɗa abu biyu. Akwai tsauni tilo da aman wuta ya tara tun daga ƙasan teku, kamar Mauna Kea na Hawai: mita 4,207 a saman ruwa, daga gindinsa kuwa ya kai wajen 10,000. Naki daban ne, tsaga ce mai buɗewa. A Atilantika santimita 2 zuwa 5 take yi a shekara, kamar tsiron farce. Ni "gadon bayan teku" nake ce wa ɗalibaina.

Tsohon Tafinta: Kunyar teku. Magana ta ƙare. Tudu mai tsawo a miƙe, Bahaushe ya raɗa masa suna tun ba a haifi kakanninmu ba.

'Yar Rediyo: Baba, in na ce kunyar teku, wani zai bugo waya ya tambayi wa teku ke jin nauyi.

Tsohon Tafinta: 'Yata, a rubuce ne suke kama. A baki karin sauti ya raba su, ke kuma da baki za ki faɗa.

Malamin Jogirafi: Ranka ya daɗe, a gafarce ni. Ita kunya kwarinta a gefe yake. Wannan kuwa a ƙololuwarsa kwarin yake, shi Marie Tharp, wata masaniyar kimiyyar ƙasa, ta gano a 1952 da take zana taswirar ƙasan Atilantika. Ka shafa bayanka: tudu dama, tudu hagu, kwari a tsakiya. Kuma ita kunya daga gefe ake jawo mata ƙasa, shi daga ciki yake tasowa. Sabon dutsen da zafinsa, bai cika nauyi ba, sai ya yi tozo. In ya matsa gefe ya huce, ya dinga nutsewa.

Tsohon Tafinta: Mutumin da ke kiran kansa malamin "jogirafi" zai koya min Hausa? Ina labarin ƙasa ya tafi? Da haka kuka mayar da harshen nan ɗan aro, komai sai kun leƙa bakin Bature.

Ɗan Bana Bakwai: Baba, to ai gadon baya ba Turanci ba ne. Kuma da waya kake rubuta wannan.

Tsohon Tafinta: Yaro, ana magana da manya.

Ɗan Bana Bakwai: Tuba nake. Amma ina za a kai Aisland, tsibirin nan na arewacin Atilantika? Can abin ya leƙo saman ruwa, mutane na tafiya a cikin tsagar. Gadon bayan teku a kan tudu ke nan?

Malamin Jogirafi: Nan kam ka kama ni.

'Yar Rediyo: Dare ya yi. Zan faɗi dogon sau ɗaya a farko, sauran "gadon bayan teku". Aisland zan ce nan ne ya leƙo waje. Na gode.

Tsohon Tafinta: Ki yi shirinki, Allah ya ba da sa'a. Ni dai a littafina kunya na rubuta, kuma ban goge ba.