Yaya za a hana fitar da littafin kuɗi daga gurup na WhatsApp?

Assalamu alaikum 'yan'uwa marubuta. Tsarin da ake bi wajen sayar da littafin kuɗi, wato labarin da sai an biya ake karantawa, shi ne: a saki shafuka goma na farko kyauta a Facebook da Wattpad (manhajar karanta labarai), wanda ya biya a sa shi a gurup na WhatsApp, a riƙa turo shafi ɗaya kullum. Matsalar ita ce kafin a kai tsakiyar labari, wani ya kwafe shafukan ya haɗa su fayil guda, ya watsa a gurup-gurup. Daga nan ciniki ya tsaya cak.

Rufe gurup yadda admin kaɗai zai yi magana ba ya hana kwafa ko turawa. Saƙon kallo-sau-ɗaya kuma na hoto, bidiyo da murya ne, ba ya ɗaukar rubutu. Telegram yana da saitin da ke hana turawa da ajiyewa, kuma shi ne ya fi kusa da magani, sai dai masu karatu da dama ba sa son sauke wata manhaja, wayarsu ta cika.

Shin akwai wanda ya gwada raba masu karatu gurup-gurup tare da sauya kalma ɗaya a kwafin kowane gurup don gano inda ake ɗiba? Mutum nawa ya kamata a sa a gurup ɗaya kafin dabarar ta yi aiki? Don Allah a taimaka.