"Yaba kyauta tukwici": ta wadatar ga masu yi wa rukunin gidaje hidima?

Sakataren Layi: Jama'a, wannan karin magana da ita ake yawan rufe taron masu gidaje. Shugaba ya ce an gode wa kowa da kowa, yaba kyauta tukwici, a shafa fatiha, a watse. Anya nan ne muhallinta?

Malamin Hausa: A fara duba kalmar. Tukwici ɗan aike ake ba wa. Maƙwabciya ta aiko yaro da kwanon dambu, a juye, a wanke kwanon, a danƙa wa yaron ɗan abu a hannu. Mai kyautar kuwa ba biya take jira ba, yabawar ce rabonta. Saboda haka maganar ta dace da wanda ya saya wa layi famfon burtsatse daga aljihunsa, ko lauyan da ya rubuta wa ƙungiya tsarin mulki bai karɓi sisi ba. Mai gadi ba kyauta ya yi muku ba, aiki ya yi.

Hajiya Ma'aji: Malam, ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Kwamiti ya riƙe albashin masu gadi wata biyu, sannan a kira su gaban taro a miƙa musu takardar yabo ana ɗaukar hoto. Hadisin da Ibn Majah ya ruwaito cewa ya yi a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe. A fara biyan albashi. Goron Sallah kuma a buɗe masa karo-karo daban, kada a taɓa kuɗin wata, domin wannan na gadi ne da shara da gyaran transfoma. A ɗauka gidaje 60 ne, kowane gida ya ba da naira 2,000, an sami 120,000. Masu gadi huɗu, masu kwashe shara biyu, kowa 20,000. A ba su saura mako guda Sallah, lokacin da kuɗin zai yi ɗinkin yara, kuma kowa ya sa hannu a littafi.

Dattijon Kwana: Hajiya, ban ƙi taki ba, amma kada a rena yabon baki. Matasan da suke yashe magudanar ruwa kafin saukar damina ba albashi suke karɓa ba, kuma abin da yake kashe musu gwiwa shi ne "an gode wa kowa da kowa". Wannan ba yabo ba ne. A ambaci suna, a faɗi aikin: su wane suka yashe kwalbati uku na bakin ƙofa, suka kwashe yashin da baro. Hausawa sun ce yabon gwani ya zama dole, gwani kuwa yana da suna.

Sakataren Layi: Baba, kiran suna yana da nasa haɗari. Ka karanta goma ka manta ɗaya, shi kenan ka yi maƙiyi.

Hajiya Ma'aji: Maganinsa kada a rubuta sunaye da ka a daren taro. Ranar aikin ake zagayawa da takarda. Kwana uku kafin taro a saka jerin a zauren WhatsApp, wanda aka tsallake ya yi magana. A kuma tambayi masu bayarwa tukuna, akwai wanda sadaka ya yi, in ka faɗi adadin a bainar jama'a ka ɓata masa, ka kuma kunyata wanda ya ba da 500.

Malamin Hausa: Akwai wata karin magana da take taka wa yabon birki: ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa.

Dattijon Kwana: Malam, wannan ta yi tsauri ga ɗan sa-kai. Sai ya mutu za a gode masa?

Malamin Hausa: Ba matasan kwalbati nake nufi ba, Baba. Masu riƙe kuɗi nake nufi. Shugaba da ma'aji, a bar lambar yabonsu sai wa'adinsu ya ƙare, mutum biyu da ba sa cikin kwamiti sun gwada rasitai da bayanan banki. In aka riga aka rataya musu lamba, wa zai iya tashi daga baya ya tambayi kuɗin dizal?

Hajiya Ma'aji: Na yarda, da sharaɗi ɗaya: kada su ne za su sa hannu a fitar da kuɗin sayen lambar.