Masu yi wa sojoji aiki ta hannun 'yan kwangila, me kuka gani?

Mai tambaya, Ƙofar Ƙaura: Assalamu alaikum. Tun da aka ƙara girke sojoji a Jibiya, Batsari da Safana saboda 'yan bindiga, ayyuka da dama sun koma hannun farar hula: girki, kai dizal da ruwa, gyaran motoci. An yi wa ƙanena tayin tuƙa motar kaya. Ina son jin ta bakin waɗanda suka taɓa yi.

Tsohon soja, Daura: Wa alaikumus salam. Na ga wannan tsari a yankin Darfur na ƙasar Sudan, zamanin rundunar Tarayyar Afirka, kafin Majalisar Ɗinkin Duniya ta shigo a ƙarshen 2007. Kamfanin PAE na Amurka ne ya gina mana sansanoni, mu kuma muka fuskanci aikinmu. Tsarin ba laifi ba ne. Ɗana, ka binciko hannu nawa kwangilar ta bi kafin ta iso ga ƙanenka.

Direban tanka: Baba ya sosa mini inda ke ƙaiƙayi. Wanda ya ci kwangilarmu yana Abuja, ya miƙa wa wani a Kaduna, shi kuma ya ba maigidana. A tafiya muna samun rakiya. A dawowa kuwa, tanka ba kaya, daga kai sai Allah. An harbi abokin aikina a ƙafa, 'yan'uwansa ne suka yi karo-karon kuɗin asibiti, domin sunansa ba ya cikin takardar kowa. Soja in ya faɗi, iyalansa na da haƙƙi a rubuce. Mu fa?

Mai girki, Katsina: Ni dai na samu rufin asiri, har na aurar da 'yata. Sai dai biya yakan ja watanni, alhali bashi nake ɗauko shinkafa da mai a kasuwa. Da kuɗi sun makara, nama ke fara raguwa a tukunya, kuma sojojin da suka kwana a daji su ke kwana da yunwar. Wallahi abin yana ci mini rai.

Bakanike: Hajiya, akwai kuma batun sirri. Mai kai ruwa ya san yawan mutanen sansani da lokacin fitarsu. Inda na yi aiki, ba wanda ya nemi ko shaidar mai unguwa kafin a ɗauki yara aiki.

Mai tambaya: Na gode. Malam direba, maigidanka ya taɓa yarda ya rubuta maka wanda zai ɗauki nauyin magani in an samu tsautsayi?

Direban tanka: Na nema. Cewa ya yi akwai masu jiran makullin.