Matsalar shimfiɗa: wanda ya je likita, me aka tambaye shi?

Mai tambaya: Salamu alaikum. A nan Maraɗi, duk raunin da ya sami namiji a shimfiɗa sai a ce basir ne, na mace kuma sanyi. In abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, a ce ɗaure shi aka yi. Ina son jin waɗanda aka duba da gaske. Ba sai an faɗi suna ba.

Magidanci, unguwar Zariya: Wa alaikumus salam, ƙanena. Na daɗe ina shan jiƙe-jiƙen basir kafin in je. Abin da likita ya fara tambayata ya ba ni mamaki: ko gabana yana miƙewa da asuba? Ya ce in yana yi, galibi jijiyoyi lafiya lau, damuwa ce ko fargaba. Nawa ya daina. Ya tambayi ko a hankali abin ya zo ko rana ɗaya, ko ina shan taba, ko ina yawan fitsarin dare. Ya auna jinina, ya tura ni awon sukari ban karya kumallo ba. Sukari ne. Ya yi mini bayani cewa hanyoyin jinin gaba sun fi na zuciya ƙanƙanta, shi ya sa toshewa kan fara nunawa can tun zuciya ba ta yi ƙorafi ba. Na fito riƙe da takardar jikina yana ɓari, amma na san abokin faɗana.

Ɗan kabu-kabu: Yaya, ni saurin kawowa ne, kuma an ce mini cuta ce daban da rashin miƙewa. Abokai suka ɗora ni kan tramol. Da farko ya jinkirta, daga baya sha'awar ma ta mutu. Sai da na faɗi gaskiya aka gano tushen.

Uwar goyo, Tibiri: Ku bar mu mu ma mu faɗi namu. Bayan haihuwa saduwa ta koma mini zafi, maigida ya ɗauka ƙi nake. Kayan mata babu irin wanda ban matsa ba, sai ƙaiƙayi ya ƙaru. Ungozoma ta tambaye ni a bakin ne zafin ko can ciki, ta duba ɗinkin, ta ce shayarwa ke kawo bushewar. Da ya ji daga bakinta sai ya sauko.

Ma'aikacin jinya: Allah ya ƙara sauƙi, Hajiya. Ku je da kwalayen duk maganin da kuke sha, don wasu na hawan jini da na damuwa kan rage ƙarfi. Likita zai canza, kada ku yanke da kanku. Mai shan maganin ciwon ƙirji na naitiret kada ya haɗa da Viagra, jini zai faɗi. Miƙewar da ta wuce awa 4 kuwa, a tafi asibiti ko da tsakar dare ne.

Mai tambaya: Yaya na Zariya, tare da iyali kuka je ko kai kaɗai?