An yi mini tayin aikin raba gardama tsakanin asibiti da inshora, in karɓa?

Maman Sadiq: Assalamu alaikum. Shekara shida nake sashen lissafin kuɗin marasa lafiya a wani asibiti a jihar Merilan ta Amurka, ina da shaidar CPC ta ƙwarewa a sanya lambobin cajin magani. Wani kamfanin IDR, wato masu raba gardamar biyan kuɗi tsakanin asibiti da inshora, ya nemi in riƙa duba takaddama ina yanke hukunci, biya bisa kowace shari'a, ba albashi. Tambayata biyu: zan iya haɗawa da aikina na yanzu, kuma biyan ya isa a bar albashi dominsa?

Malam Bukar: Wa alaikumus salam. Ki fara sanin cewa ba sulhu za ki yi ba. A dokar No Surprises Act, mai kare marasa lafiya daga cajin ba-zata, da ta fara aiki 1 ga Janairu 2022, kowane ɓangare zai kawo adadinsa, ke ki zaɓi ɗaya. Ba ki da ikon raba tsakiya. Kwana 30 na aiki suna ciniki, idan ya ci tura sai a shigar da ƙara cikin kwana 4 na aiki, a zaɓi kamfani cikin 3, a miƙa tayi cikin 10, ke kuma ki yanke cikin 30. Za ki duba QPA, wato matsakaicin farashin kwangilar inshora da masu ba da magani na 31 ga Janairu 2019 da aka ƙara wa hauhawar farashi, tare da ƙwarewar likita da tsananin ciwon. Haramun ne ki duba farashin Medicare, inshorar gwamnati ta tsofaffi, ko abin da asibiti ya rubuta a takardar caji.

Dan Zinder: Kuɗin shiga dala 50 ne kowane ɓangare.

Hajiya Rabi: Dala 350 ne, Dan Zinder, duba takardunka.

Malam Bukar: Ku duka kun tsaya a baya. Dala 50 a 2022, aka kai 350 a 2023, kotun tarayya a Tekzas ta soke a Agustan 2023, daga 22 ga Janairu 2024 ya zama 115. Kuɗin kamfanin IDR daban ne, a 2024 an sa shi dala 200 zuwa 840 a shari'a ɗaya, wanda ya faɗi shi ke biya.

Dr. Kabiru: Duk wannan lissafin kwanaki a takarda yake. Ƙaramin asibiti zai yi nasara, doka ta ce a biya cikin kwana 30, wata shida su wuce shiru. Ka kira, a ce ba a ga hukuncin ba. Ka aika, a ce lambar da'awar ba ta yi daidai ba. Albashin ma'aikata kuwa ba ya jira. Kuma kotun ɗaukaka ƙara ta biyar ta ce a 2025 asibiti ba shi da hurumin kai ƙara don a tilasta biyan, sai dai ya kai koke CMS, hukumar tarayya mai kula da dokar, ya zauna. 'Yar'uwa, hukuncin da za ki rubuta ke nan, Allah ya sa a girmama shi.

Hajiya Rabi: Likita, kai ɓangare ne, shawararka ba ta dace da mai son zama alƙali ba. Kaso mai yawa na ƙararrakin tun farko ba su cancanta ba: jihar na da dokarta, ko an tsallake cinikin, ko an sake shigarwa kafin kwana 90 su cika bayan hukuncin baya. Tantance wannan ne ke cin lokacin mai dubawa.

Dr. Kabiru: Ke ma a inshora kike aiki, Hajiya.

Dan Zinder: To Maman Sadiq, ga shari'arki ta farko, zaɓi ɗaya, babu raba tsakiya 😂

Maman Sadiq: Na gode, amma batun haɗa aiki biyu fa?

Malam Bukar: Ba za a ba ki shari'ar wanda kika yi wa aiki cikin shekara ɗaya da ta wuce ba. Ki tambaye su a rubuce ko suna biya idan aka kori ƙara don rashin cancanta.

Uwar Gida: Motar ɗaukar marasa lafiya fa? Dokar ta haɗa da ta jirgin sama, ta bar ta ƙasa. Mutum a sume ba ya zaɓar mota, amma takardar caji na zuwa masa gida. Wa ke shiga tsakani a nan?

Dr. Kabiru: Ya danganta da jiharki da irin inshorarki. Wace jiha kike?