Kuɓewa da yakuwa za su yi a Kanada kuwa?

Maman Ilham, Unguwar Rimi:
Assalamu alaikum jama'a, dan Allah masu harkar shuka ku ban shawara. Ƙanwata tana aure a Winnipeg can Kanada, sun samu gida mai ɗan fili ta baya shine ta ishe ni wai in haɗa mata iri, kuɓewa, yakuwa, alayyahu, attaruhu har da zogale, akwai mai tafiya wata mai kamawa. Ni kuma duk hoton da zata turo ba abinda nake gani sai ƙanƙara har ta binne musu mota, nace anya ba wahalar banza bace wannan?

Baban Sadiq, Malali:
Wa alaikumus salam Hajiya. Za su yi, na zauna a yankin kuma na ci attaruhun da aka noma a can, sai dai lissafin ba irin namu bane. Mu saukar ruwa muke jira, su kuma tafiyar sanyi. A Janairu sanyin Winnipeg yakan kai 30 ƙasa da sifili, ƙasa ta daskare ko diga baya shiga, sai wajen ƙarshen Mayu raɓar dare take daina daskarewa kuma kafin Satumba ya ƙare ta dawo, kinga kusan wata 4 kenan a hannunta, dare ɗaya na wannan raɓar ya isa ya maida kuɓewa baƙa ƙirin. Attaruhu kuwa shi kaɗai sai ya ci wata 3 ko fiye bayan dashe kafin ya nuna, toh dole ta rene shi a ɗaki tun ƙarshen Fabrairu ko Maris, a ƴan robobin yogot da aka huda gindinsu, ta jera a tagar da ke kallon kudu, in ta samu fitilar reno ma yafi don hasken taga kaɗai sai su yi tsawo siriri suna faɗuwa.

Inda mutane suka fi tafka asara shine wajen fitarwa. Shukar da ta tashi kusa da hita bata san iska ba bata san rana ba, ka kwashe ta yau ka dasa a waje gobe ganyen ya yi fari fat ya yanƙwane. Ta riƙa fitar dasu awa ɗaya biyu a inuwa tana maidowa, kullum tana ƙarawa har sati ɗaya zuwa kwana 10, sannan a dasa. Kuɓewa kada ta yi mata gaggawa, sai Yuni ƙasa ta yi ɗumi, a baƙar tukunya jikin bangon da rana ke duka. Daɗin abin a Yuni wuninsu yana kai awa 16, ƙarfe 9 na dare gari da haske, alayyahu wata ɗaya da ɗan kai ta fara yanka.

Dattijo mai lambu, Kabala:
Hajiya ai ko mu nan bakin kogin Kaduna in hunturu ya kankama kuɓewa zama take wuri ɗaya taƙi girma, shi yasa kike jin tsadarta a kasuwa lokacin. Abinda muke sawa da sanyi kabeji ne da karas da latas. Ta cika filin da su da dankalin Turawa, kayan miyarmu ta ware musu kusurwa guda kawai.

Ummu Khalifa, Kawo:
Anty akwai magana akan yakuwar nan da ba'a taɓo ba. In ganye take so na miyar taushe ko fate zata samu har ta gaji, amma in zoɓo take hange ta cire rai. Yakuwa bata fure sai wuni ya gajarce ya dawo wajen awa 12, shi yasa nan ma ko da wuri ka shuka sai ƙarshen damina take fitar da zoɓo. Can kuma lokacin da wuni zai gajarce haka Satumba ya yi nisa, tana fara fure sanyi zai kashe ta. Zogale kuma a babban bokiti zata sa, sanyi na ƙaratowa ta shigo dashi ciki ta rage ban ruwa, zai zubar da ganye kada ta ɗauka ya mutu ta zubar. Sannan kice mata ta gwada tafarnuwa, ita a Oktoba ake binne ta a rufe da ciyawa ko busasshen ganye, ta kwana ƙarƙashin ƙanƙarar nan duk tsawon sanyi, a tone wajen ƙarshen Yuli ko Agusta.

Maman Ilham, Unguwar Rimi:
Kai masha Allah nagode sosai Allah ya saka da alheri. Toh irin fa, in ƙulla a leda in cusa cikin kaya kawai?

Baban Sadiq, Malali:
A'a Hajiya banda cusawa! Suna da tsanani akan tsirrai, duk abinda ya shafi iri ko abinci mai tafiyar ya bayyana shi a filin jirgi, in sun ƙwace shikenan, amma ɓoyewa tara ce. Ƙasa kuwa ko saiwa mai ƙasa a jiki kada ma a fara. Irin kuɓewa da attaruhu ana sayarwa can, ta nemi irin kuɓewar da ake kira Clemson Spineless da ke fara ƴaƴa cikin wata 2, irin tamu ta gida wata sai ta yi tsawo ganye kawai. Ke dai ki auna mata busasshen zoɓo da kuka a Kasuwar Bacci, su ma a bayyana su.