Yaya zan ɗauki hoton jan gwada ba tare da ya tsere ba?

Mai Kyamara:
Assalamu alaikum. Wata uku ke nan da na fara ɗaukar hotunan ƙadangaru a katangar gidanmu da ke Zariya, amma har yau ban samu hoton jan gwada ko ɗaya da ya gamsar da ni ba. Da zarar na matso sai ya gyaɗa kai ya faɗa bayan katanga, idan kuma na tsaya nesa na jawo shi da waya, hoton yakan fito dishi-dishi. Wani ya ce in sa yara su kamo mini shi da tarko. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni a harkar.

Bagobiri:
Wa'alaikumus salam. Malam, ka ajiye batun tarko, domin jan gwadan da aka kama yakan dusashe saboda firgita, kan nan mai kama da manja ya koma ruwan ƙasa, ka ga an yi asarar abin da ake nema. Matsalarka ta lokaci ce. Ƙadangare da rana yake ɗumama jikinsa, shi ya sa da sassafe, musamman a hunturu, za ka same shi a lafe kuma zai bari ka matso, sai dai launinsa bai fito ba tukuna. Idan rana ta take kuwa, launin ya cika amma ya samu kuzarin da ba za ka cim masa ba. Da hantsi ake dacewa, lokacin da kan ya fara ja alhali jikin bai gama sakewa ba.

Babban namiji yana da wurin da yake hawa kullum don tsare yankinsa. Ka gano wurin, ka riƙa zama kusa da shi ba motsi na kwana uku ko huɗu, zai saba da kai. Ka sauko da kyamarar daidai tsayin idonsa, ka saita ta a kan idon, domin hoton da aka ɗauka daga sama bayan dabba kawai yake nunawa. Jawowar da yawancin wayoyi ke yi yanke hoto ne da buɗa shi, dalilin dishi-dishin ke nan.

'Yar Gombe:
Na yarda da Malam Bagobiri, amma kwanciya a ƙasa ta tsakar gida ce kawai. A daji, inda za ka nemi damo da damina ko guza a bakin ruwa, nan ne kububuwa take lafewa cikin duwatsu da ciyawa, kuma mu da muke kusa da Kaltungo, inda asibitin masu saran maciji yake, mun san aikinta. Ka sa takalmi mai rufe idon sawu, kada kuma ka ɗaga dutse da hannu. Gamsheƙa tana feshin dafi har nisan mita 2, ido take nufa, saboda haka ka sa tabarau, idan dafin ya shiga ido kuma a wanke da ruwa mai yawa a tafi asibiti. Kadojin kogin Gaji a Yankari kuwa daga cikin mota ake ɗaukar hotonsu.

Mai Kyamara:
Na gode, Allah Ya ƙara sani. Namijin namu kan tulin bulo yake hawa kusa da rijiya, gobe da hantsi zan shimfiɗa tabarma a can.